Waiwaye: Yadda Kaset ɗin Bakin Taro Ya Riƙe Mana Waƙa

Duk mai tara waƙoƙin mazan jiya ya san wannan hali. A ajiye masa waƙar Mamman Shata guda biyu, ɗaya an ɗauke ta a situdiyo fes, ɗaya kuma wani ne ya naɗe ta da rikodarsa a wajen biki, kalangu na neman tsaga lasifika, mata na rangaɗa guɗa a kan muryar mawaƙin, to sau da yawa ta biyun zai miƙa wa hannu. A Tunga ta Minna, haka ma a Fagge ko Tudun Wadar Zariya, akwai dattawa da tsofaffin direbobi da har gobe suka fi son irin wannan ɗauka mai hayaniya. Wanda bai san dawan garin ba zai ce rashin sanin mai kyau ne. Amma ɗabi'ar tana da tarihi na kusan shekara 50, kuma tana da dalili: waƙar baka ta Hausa a cikin taro ake ƙera ta, don haka wanda ya ɗauko ta da taronta shi ya ɗauko ta cikakkiya.

Kafin zuwan kaset

A zamanin garmaho, faifai ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku zuwa huɗu a kowace fuska. Makaɗin fada kuwa ko na jama'a, idan ya samu waje ya zauna, waƙa ɗaya tana iya cin rabin sa'a, domin yana yi yana kallon fuskar wanda yake wa, yana ƙara ɗa a kan ɗa gwargwadon yadda taro ya karɓa. Abin da faifan garmaho ya adana mana, ashe, gutsure ne. Ko da manyan faya-fayai suka zo, masu ɗaukar kusan minti 20 a fuska, kamfanoni irin su EMI suka riƙa buga Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, sai dai makaɗa nawa ne suka samu wannan dama? Mafi yawan masu kukuma da gurmi da kotso da ke karkara ba su taɓa taka ƙofar situdiyo ba.

Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya yi babban aiki wajen ɗaukar makaɗa da yaɗa muryoyinsu a faɗin Arewa. Amma rediyo ita ke zaɓar abin da za ta sa da lokacin da za ta sa shi. Idan waƙa ta wuce ta wuce, sai kuma wani jiƙon. Ga kuma tacewa: habaici mai zafi, da zambon da ke kiran suna, da barkwancin da ba ya faɗuwa a gaban surukai, duk a bakin ƙofar gidan rediyo ake barin su.

Minna kuwa a lokacin gari ne na jirgin ƙasa. Layin dogo daga Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ta nan ya ratsa, sannan layin Legas ya zo ya haɗe da shi. Wannan ne ya tara Hausawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo a ƙasar Gwari, kowa da kiɗansa. Garin mahaɗa kuwa bai rabo da makaɗa masu wucewa.

Rikoda ta shigo gida

Kamfanin Philips ne ya fito da ƙaramin kaset a 1963, amma sai da aka shiga shekarun 1970 ya zama kayan talaka a Nijeriya. Kuɗin man fetur ya shigo, sannan a farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji haɗe da ariyas. Babura da agoguna da rediyo mai kaset suka cika gidajen ma'aikata. Alhazai ma suka riƙa dawowa da rikoda a cikin tsarabar Makka. A shekara ta gaba, 1976, aka ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama babban birni, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da Kaduna da Bida da Kwantagora. Unguwanni irin su Tunga, da ke kan hanyar fita zuwa Paiko da Suleja, suka fara cika suna batsewa. Sabon albashi, sababbin gidaje, bukukuwa da naɗe-naɗen sarauta, ga kuma rikoda a hannu: abubuwan da ake bukata sun haɗu.

Yadda ake ɗaukar ba shi da wani sirri. Mutum zai sayi batir sababbi da kaset wanda ba a taɓa ɗaukar komai a kansa ba, mai minti 60 ko mai minti 90. Ya kutsa har kusa da makaɗa, ya ajiye rikodar a kan tabarma ko ya rungume ta a ƙirji, ko kuma ya je gindin lasifikar da aka ɗaure a jikin bishiya. Da an ɗora sanda a kan kalangu sai ya danna maɓallai biyu tare, jan da na kusa da shi. Daga nan duk abin da ya faru ya shiga: tarin wanda ke gefe, kukan jinjiri, mai tallan goro, ƙugin janareto, har da muryar mai rikodar kansa yana ce wa yara su matsa. Ƙaramin makirufon da ke jikin rikodar yana rage sauti da kansa idan ƙara ta yi yawa, shi ya sa za ka ji da kalangu ya doka sai muryar mawaƙi ta nutse, sannan ta sake tasowa. Idan batir ya fara sanyi zaren yakan rage gudu, ranar da aka kunna kaset ɗin da batir mai ƙarfi sai a ji dattijon mawaƙi ya koma mai siririyar murya yana sauri. Bayan minti 30 ko 45 kuma sai ƙas, fuska ta ƙare. Kafin a buɗe a juya, ɗa biyu ko uku sun tafi, kuma sun tafi ke nan har abada.

Duk da haka wanda ya koma gida da wannan kaset ya koma da dukiya. Zai ɓalle 'yan kunnuwan da ke bayansa don kada wani ya goge da kuskure, ya rubuta sunan mawaƙi da biro a jiki. Idan rikoda ta tauna zare, a zaro shi a hankali, a sa biro a rami a naɗe. Idan ya tsinke, a liƙe da jan farce ko salatif. Kowane gida mai rikoda yana da gwanin wannan aiki.

Abin da ke cikin hayaniyar

Me mutane ke nema a cikin wannan sauti mai shiii kamar ana suyar ƙosai? Abu na farko shi ne waƙar da babu ita a ko'ina. Shata ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take, kuma ba ya maimaita waƙa yadda ya yi ta jiya. Bakandamiyar da ya yi a wani gari ba ita ce ta wani gari ba: amshi ɗaya ne, amma 'ya'yan sun bambanta, domin mutanen da ke zaune a gabansa sun bambanta. Saboda haka mai kaset biyar na waƙa ɗaya ba maimaici ya tara ba. Masu sauraro na haƙiƙa sukan zauna suna gardama a kan wace ɗauka ce ta fi, a ina ne ya fi sakin jiki, a ina ne makaɗansa suka fi kama shi.

Na biyu shi ne sanƙira da maroƙa. A situdiyo ba su da aiki sosai, a bakin taro kuwa su ne rabin wasan. Sanƙira zai katse waƙa ya sanar cewa wane ɗan wane ya ba da riga, wane ya ba da naira kaza, hajiya wance ta ba da turmin atamfa, ya jero asalin mai kyautar da sana'arsa da garinsu. Wanda ya kasa kunne zai gane su wa ke da kuɗi a gari a wannan shekarar, wace sana'a ce ke ci, nawa ne kyautar da ake yi wa guɗa. Akwai iyalan da ba su da hoton kakansu, amma suna da kaset ɗin da aka kira sunansa a gaban jama'a.

Na uku shi ne waƙoƙin da ba su da rai sai da fili. Ɗan Anace yana wasa ɗan damben nan Shago a filin dambe, jama'a na ihu, ana jiran a ga wanda zai kai ƙasa: cire ihun nan, ka cire dalilin waƙar. Haka amadar Barmani Choge, wadda ƙwarya da shewar mata a cikin gida su ne gishirinta. Haka waƙoƙin noma da na 'yan tauri da na mahauta. A nan Jihar Neja ma, wanda ya ji Hajiya Fatima Lolo, zabiyar Nufawa da ta rasu a 1997, a cikin taron biki a Bida, ya san faifai bai kamo rabin abin da take yi ba. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma mai ita a gaban mutanensa ya fi zama mai ita.

Kasuwa ta karɓa

Ba a jima ba abin ya tashi daga sha'awa ya zama sana'a. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafar kaset da rarraba shi zuwa sassan Arewa da Nijar da ma gaba. A kowane gari kuma akwai ƙananan masu rumfa da ke da rikoda mai baki biyu: ka zaɓi waƙa, a juye maka a sabon kaset, ka biya kuɗin kaset da na aiki. Wanda ya zo da ɗaukar da mai rumfa ba shi da ita, sai a yi musaya. Ta haka wasan da aka yi a Funtuwa ko Gusau zai iso Minna cikin 'yan makonni.

Direbobi ne suka fi kowa ɗaukar wannan kaya. Da aka fara gina Abuja, har gwamnati ta tare can a Disamba 1991, hanyar Minna zuwa Suleja ta zama mai yawan zirga-zirga, tashoshin mota na ɓangaren Tunga suka zama matattara. Direban da zai kwana a hanya yana son waƙa mai tsawo da za ta hana shi gyangyaɗi, kuma ƙugin inji ya riga ya rufe duk wani shiii da ke cikin kaset. Makaɗan ma sun san da su, Ɗanmaraya Jos har waƙar Karen Mota ya yi.

Sai dai kowace kwafa tana rage wani abu. Kaset na biyu bai kai na farko ba, na biyar kuwa zaƙin kalangu ya dushe, murya ta yi nauyi, hayaniya ta ƙaru. Wani masani, Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano ya kuma fitar da littafinsa a 2008, ya lura cewa wannan dusashewar hoto da sauti ta zama yadda jama'a suka saba karɓar fim da waƙa. Gaskiya ne. Akwai tsarar da kunnenta ya tashi da wannan sauti, har idan ta ji waƙar an wanke ta tas sai ta ji baƙuwa ce.

Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin faɗa. Daga duk kaset ɗin da aka sayar, ko kwabo ba ya isa ga mawaƙi, balle makaɗansa da 'yan amshi. A wancan lokaci da yawansu ba su ɗauki abin da zafi ba, domin abincinsu a wajen taro yake, kaset kuwa talla yake yi musu a garuruwan da ba su taɓa zuwa ba. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa dokar haƙƙin mallaka a 1988, amma dokar ba ta taɓa isa rumfar bakin tasha da wani ƙarfi ba. Illar ta fito fili ne lokacin da tsufa ya zo: murya ta ja baya, gayyata ta ragu, ana jin mutum a kowace mota alhali gidansa ana neman na cefane.

Ba mu kaɗai ba ne

Masu son kiɗan rok a Amurka da Ingila sun bi irin wannan hanya, har sun riga mu. A Nuwamba 1969 wani ya shiga wasan ƙungiyar Rolling Stones a birnin Oakland na Kalifoniya da rikoda, ya ɗauka daga cikin 'yan kallo, bayan 'yan makonni faifan ya shiga kasuwa ba da izini ba, ya kuma samu karɓuwa ƙwarai. A shekarar da ta biyo baya ƙungiyar ta fitar da nata faifan na wasannin wannan rangadi. Wasan da Bob Dylan ya yi a Manchester ranar 17 ga Mayu 1966 ya yi shekara da shekaru yana yawo a hannun masu kwafa da sunan wai a Landan aka yi shi. Abin da ya ɗaukaka wannan ɗauka shi ne muryar wani ɗan kallo da ya yi wa mawaƙin ihun maci amana saboda ya ajiye jitar gargajiya ya ɗauki ta lantarki. Sai a 1998 kamfaninsa ya fitar da ita a hukumance, da ihun da komai.

Ƙungiyar Grateful Dead kuwa sulhu ta yi da masu rikoda: daga 1984 ta ware musu wuri na musamman a wajen wasanta, bisa sharaɗin su yi musaya amma kada su sayar. Pearl Jam ta ɗauki wata dabara a rangadinta na 2000, ta ɗauki wasanninta da kanta ta fitar da guda 72. Darasin a nan shi ne can an kai ga gane cewa mai rikoda masoyi ne, aka nemi hanyar da zai samu abin da yake so, mai waƙa ma ya samu haƙƙinsa. Mu a nan ba mu kai ga wannan tsari ba.

Misalin da ya fi kusa da mu yana arewacinmu. Jitar Buzaye, wadda Turawa ke kira rok ɗin hamada, a kaset ta girma. Matasan da suka kafa ƙungiyar Tinariwen sun fara ne a kudancin Aljeriya da sansanonin Libiya, suna ɗaukar waƙa ga duk wanda ya kawo kaset, kaset ɗin kuma ya bi hannu zuwa hannu har Kidal da Agadas. A lokacin tawayen shekarun 1990 riƙe irin wannan kaset kan jawo wa mutum fitina da hukuma, kamar na Abdallah Oumbadougou a Nijar. A 2012 Tinariwen ta ci kyautar Grammy. Bombino na Agadas, ɗaukar bakin taro ce ta fara fitar da shi duniya kafin a kai shi situdiyo a Amurka. Mdou Moctar kuwa a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, da salon kiɗan finafinan Hausa, suka bazu daga waya zuwa waya, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su a memorin mutane ya sa ɗaya a tarin da ya fitar. Sautin da wasu ke rainawa shi ya buɗe musu ƙofa.

Fiyano, sidi da waya

Shekarun 1990 sun zo da sauyi biyu a lokaci guda. Manyan suna tafiya: Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a watan Yuni na 1999, daga baya Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. A gefe guda kuma finafinan Hausa sun kawo waƙar fiyano, wadda a ɗaki ake haɗa ta, mutum ɗaya da na'ura su yi aikin makaɗa goma. Mawaƙin zamani idan ya zo biki, sau da yawa waƙar da ya riga ya ɗauka ake sakawa yana bin ta da baki. Wanda ya ɗaga waya ya ɗauki wannan bai samu komai sabo ba, domin abin da aka yi yau shi za a yi gobe.

Sidi ya ture kaset, shi ma bai daɗe ba. Wayar salula ta shigo a 2001, cikin 'yan shekaru memori da Bulutut suka karɓe kasuwa. Mai rumfar kaset ko dai ya sayi kwamfuta ya koma tura waƙa, ko ya canja sana'a. Abin mamaki, wannan sauyi ne ya sake raya tsofaffin ɗaukar. Masu sha'awa suka riƙa juye kaset zuwa kwamfuta suna sakawa a YouTube da Facebook da zaurukan WhatsApp. Yaron da aka haifa bayan rasuwar Shata yau yana jin wasan da aka ɗauka kafin a haifi babansa. Al'adar ɗaukar bakin taro ita ma ba ta mutu ba, wuri ta canja: filin dambe, majalisin sha'irai, mauludi da wa'azi, ko'ina wayoyi ne a sama.

Matsalar ita ce abin da ke yawo a waya ba shi da asali. Za ka ga an rubuta sunan mawaƙi kawai, babu gari, babu shekara, babu sunan mai biki, wani lokaci ma a jingina waƙar wani ga wani. An matse sautin don ya yi sauƙin turawa, an yanke gabatarwar sanƙira don a gajarta. Wato abin da ya ba ɗaukar daraja shi ake fara zubarwa. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, da marubutan littafin Shata Ikon Allah na 2006 ƙarƙashin jagorancin Ibrahim Sheme, sun yi aikin tattarawa da rubutawa, amma abin da ke cikin akwatuna a gidajen mutane ya fi ƙarfin mutum ɗaya ko biyu.

Zaren kaset kuwa ba ya jira. Zafi yana sa shi ya manne, laimar damina irin ta Minna tana sa shi ya yi fumfuna, ajiye shi kusa da lasifika yana dusashe abin da ke ciki. Rikodar da za ta kunna shi ma sai an tona, masu gyaranta sun koma gyaran waya. Waɗanda suka san a gidan wa aka yi wasan, da wace shekara, su ma suna ƙarewa.

Don haka wanda ke da irin waɗannan kaset, a Tunga yake ko a Bosso ko Kwangila ko wani gari, kada ya bari yara su warware zaren su yi wasa da shi. A nemi mai kwamfuta a juye shi gaba ɗaya, ba tare da yanke guɗa ko maroƙi ko tarin tsoho ba. A zauna da dattijon da ya ɗauka a rubuta gari da shekara da sunan mai taro. A kai kwafi Gidan Rediyon Neja, ko Kwalejin Ilimi ta Minna, ko Jami'ar IBB ta Lapai, ko Gidan Arewa a Kaduna. Wanda kuma yake samun kuɗi da waɗannan waƙoƙi a intanet ya tuna mawaƙan sun bar magada, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana nan. Masu rikoda na jiya sun yi nasu da batir da biro, saura namu.